TARIHIN JERE: DAGA ƘWARYA ZUWA "ƊAN FARANSA"

Abin da ya jawo wannan rubutu ba wani babban abu ba ne, kofi ne guda ɗaya da ya fashe. Kwanakin baya aka yi bikin 'yar wani ɗan uwanmu a nan Kona, mata suka tafi jere kamar yadda aka saba. Ana cikin fitar da kaya daga kwali sai wani kofin gilashi, irin mai doguwar ƙafar nan mai zane kamar an sassaƙa, ya suɓuce ya tarwatse a siminti. Uwar amarya ta dafe ƙirji tana salati, ta ce wannan fa ɗan Faransa ne na asali, kiristal, mai shagon ma ya rantse mata saiti ɗaya ya rage masa. Sai ƙanwarta, wadda ta daɗe tana saro kaya daga Kano, ta ɗauki ɓallin ta jujjuya, ta ce, "Haba Yaya, ki kwantar da hankalinki, wannan ai kwalba ce kawai."

Maimakon hankali ya kwanta sai magana ta tashi, har ta iso majalisarmu ta maza bayan sallar isha'i. A nan muka gane cewa duk yawanmu babu wanda zai iya faɗin mene ne kiristal ɗin, ko me ya bambanta shi da kwalbar lemo, alhali uban yarinya buhunan masarar da ya ajiye saboda damina ya sayar aka cika wannan kabet. Dattawa suka ce tunda wannan fili na tarihi ne, to a bi diddigin abin. Ga abin da muka samo.

JEREN KAKANNINMU

Iyayenmu da suka zo wannan ƙasa daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Bauchi, wani da fatauci, wani da ƙira ko jima ko fawa, wani kuma da allonsa, ba su zo da gida a kai ba. Sun tarar da masu ƙasa, aka ba su wurin zama, suka kafa bukka. Amma matansu sun zo da ɗakinsu a kai. Duk macen da ta biyo mijinta ta zo da ƙoranta da akussanta da fayafai da tasoshi, an ɗaure a cikin ragaya ko an naɗe da tsohon zane. Da an gama ɗaki, kafin a yi daɓe ma, sai ta jera su. Ranar da ta yi jere, ranar ta zauna a gari.

Jere na farko ƙwarya ce. Ana ɗora su babba a ƙasa, ƙarama a sama, a rufe da faifai mai rini, wasu a rataye. Ta wannan fanni kakanninmu ba su yi baƙunta ba, domin ƙasar Muri da Adamawa ƙasar ƙwarya ce, Fulani da sauran ƙabilun yankin gwanaye ne wajen yi mata zane da wuƙa da kuma wuta. Tukwane da randuna kuwa wurin maƙwabtanmu matan Kona ake saye, har yau ma ruwan randarsu ya fi na firij daɗin sha in ka tambayi tsofaffinmu.

Sama da ƙwarya akwai tasa. Tasar tagulla ita ce kan gaba a jeren mai hali, musamman aikin Bida, mai zanen da aka buga da guduma. Ba a ci a cikinta, sai dai a goge ta da toka da tsamiya ranar sallah ta riƙa ɗaukar ido. A nan ne ya kamata mu tsaya mu fahimci abu guda, domin shi ne gindin maganar duka. Kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba. Iyayenta suka yi mata, in aure ya mutu da kayanta za ta fita, in ta rasu cikin dukiyarta za a lissafa a raba gado. Saboda haka jere ba ado ne kawai ba, asusu ne. Mace ta yi ƙuli-ƙuli ko kaɗi ko fura, ta zuba adashi, in ta kwasa ta sayi tasa ɗaya ta ƙara a kan layi. Ranar da yunwa ta shigo, ko ciwo, ko haraji ya matsa wa maigida, sai a zare ɗaya daga ƙasa a ba dillaliya. Ranar da 'ya ta isa aure, a raba jeren biyu a ba ta rabi. Zamanin da babu banki, mace tana kwance a gadonta tana kallon ajiyarta.

GILASHI KAFIN KOFI

Gilashi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sai dai ba a siffar kofi ya fara zuwa ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta irin kayan da ayarin Tarabulus ke saukewa a kasuwar Kurmi: duwatsun wuya na gilashi daga Venis ta ƙasar Italiya, da ƙananan madubai da allurai daga Jamus, da takarda, da ruwan takobi. Dalili a fili yake. Dutsen wuya zai yi wata da watanni a bayan raƙumi bai fashe ba, kofi kuwa ko Agadas ba zai kai ba. A cikin wannan shekarar ce Barth ya ƙetare Binuwai ya shiga Yola. Bayan shekara 3, wato 1854, Dokta Baikie ya hauro kogin da jirgin ruwa mai suna Pleiad har ya ziyarci Muri.

Kuma kada mu ɗauka sai Bature ya iya narka gilashi. A Bida akwai unguwar Masaga, waɗanda suka gaji yin ƙarau da duwatsu, suna cewa asalinsu daga Masar. Da can da kansu suke haɗa gilashinsu daga yashi da kanwa, daga baya da kwalabe suka yawaita sai suka koma narka su. A Ile-Ife kuma masu haƙar tarihi sun tono shaidar cewa ana haɗa gilashi a can tun wajen ƙarni na 11. Abin da ba a yi a nan ba shi ne kofi da tulu masu haske garau kamar ruwa.

ABIN FARANSA NA FARKO DA YA ISO KONA

Wannan ɓangare ba mai daɗi ba ne, amma ba zai yiwu a rubuta Faransa da Kona a takarda ɗaya a tsallake shi ba. A ƙarshen 1892 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Laftanar Louis Mizon, ya hauro Binuwai da jirage 2, Mosca da Sergent Malamine, ɗauke da kayan ciniki da makamai. A lokacin kamfanin Ingilishi na Royal Niger Company na ganin kogin nasa ne, Faransa kuma tana neman wurin sa ƙafa. Mizon ya tsaya a ƙasar Muri ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya daɗe yana fama da Kona bai ci ta ba. A watan Disamba na wannan shekara aka kawo igwar Mizon aka buɗe wa garin wuta. An kashe mutane da yawa, an kama da yawa bayi. Sansanin yaƙin da Sarki ya kafa a nan kusa shi ne ya zama Jalingo a 1893, a shekarar kuma Mizon ya bar kogin, kamfanin Ingilishi ya ƙwace kayansa.

Ke nan abin Faransa na farko da mutanen wannan gari suka gani da idonsu ba kofi ba ne, igwa ce. Mu da muke zaune a cikinsu, muke cin kasuwa ɗaya da jikokin waɗanda abin ya faɗa wa, ya kamata yaranmu su san wannan, ko don su san irin maganar da ba a yi da wasa a bakin kasuwa.

ZAMANIN KWANO

Da Turawan Ingila suka kafu sai hanya ta juya. Ayarin hamada ya mutu, kaya suka koma shigowa ta teku. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Mu nan kuwa kogi ne hanyarmu: da damina in ruwa ya cika jirage su hauro daga Lakwaja, su tsaya Ibi da Lau, su wuce Numan da Yola, su sauke gishiri da atamfa da kananzir da kwanuka a kantunan Turawa, su kwashi gyaɗa da riɗi da auduga. Manyan kamfanonin lokacin su ne John Holt da UAC, wadda aka kafa a 1929, sai na Faransawa, CFAO da SCOA, masu manyan kantuna a Kano.

Kwanon da ya kori tasa daga kan layi shi ne na ƙarfe mai fenti, mai furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. An fara kawo shi daga Turai, musamman Chekoslobakiya, daga baya Japan da Hongkong suka karɓe kasuwar. Wajen samun 'yancin kai 'yan kasuwar Hongkong suka ga gara su zo su yi shi a nan, aka kafa Nigerian Enamelware a Legas a 1960, aka kuma buɗe wasu masana'antun a Kano. Daga nan kwano ya yi arha, jere ya haura har rufin ɗaki. Wanda ya yi wayo a shekarun 1960 da 1970 ya san ɗakin amarya na lokacin: gadon ƙarfe mai rumfa an ɗora shi kan bulo ko gwangwani, ƙarƙashinsa kwalla da fanteka, bango kuwa langa da samira saiti-saiti, faranti an manna wasu a jikin bango, har ba ka ganin farar ƙasa. Kowane yayi da sunansa, kuma mata na gane na bara da na bana da kallo ɗaya.

Kwano bai kai tasa daraja ba, yana ɓantarewa ya yi tsatsa. Duk da haka ya riƙe amanar asusu. Saitin da ba a taɓa ci a ciki ba, dillaliya za ta karɓa da kuɗi mai kyau, a ƙauye kuma a sami mai so ko yayinsa ya wuce a birni. Iyayenmu mata da yawa da kwanukansu aka biya mana kuɗin makaranta, ba tare da mun sani ba.

TO, MENE NE KIRISTAL?

Asalin kalmar sunan dutse ne, wani farin dutse mai haske da ake haƙowa a sassaƙa. Gwanayen sassaƙa shi su ne Misirawa zamanin daular Faɗimiyya, kuma har yau akwai wata buta tasu a majami'ar San Marko ta Venis mai ɗauke da sunan Halifa al-Aziz, wanda ya yi mulki daga 975 zuwa 996. Masu narka gilashi sun yi ɗaruruwan shekaru suna neman yadda za su kwaikwayi wannan dutse. Wanda ya dace shi ne wani Baturen Ingila, George Ravenscroft, wajen 1674, da ya gano cewa in aka zuba dalma cikin yashi da toka aka narka, gilashin kan fito da nauyi, da haske mai rarraba launi, da taushin da za a iya yanka masa zane da dutsen niƙa. Ka ji sirrin: dalma. A dokar ƙasashen Turai ta 1969, sai dalmar ta kai kashi 24 cikin 100 kafin a kira shi kiristal mai dalma.

Faransawa sun makara, amma da suka shigo sai suka wuce kowa suna. Gidajen da suka yi fice kusan duk a gabashin ƙasar suke, yankin Loren da Alsas, wajen iyakar Jamus, inda akwai dazuzzukan da za su ci da wutar maƙera. Mafi tsufa shi ne Saint-Louis, wanda tushensa ya kai 1586, shi ne kuma ya fara yin kiristal a Faransa a 1781. Sai Baccarat, ana faɗinsa Bakara, sunan wani ƙaramin gari ne. A 1764 Sarki Luwi na 15 ya ba limamin kiristan birnin Mez izinin kafa masana'antar gilashi a can, ta fara da gilashin taga da madubi, sai a 1816 aka kunna tanderun kiristal. Akwai Daum a birnin Nansi tun 1878, da Lalique, wanda mai shi René Lalique maƙerin kayan ado ne da ya koma yin kwalaben turare da tuluna masu siffar tsuntsaye da furanni. Bayan rasuwarsa a 1945 ɗansa Marc ya mai da aikin gidan kacokan zuwa kiristal.

Aikin hannu ne, kuma aikin wahala. Ana narka haɗin a zafin da ya kai digiri 1,400, mutum ya ɗebo shi da dogon bututun ƙarfe yana ja kamar zuma, ya hura da baki, wani ya ja ƙafar kofin, wani ya manna gindi, a bar shi ya huce a hankali don kada ya tsage. Bayan haka masu yanka su zauna gaban dutse mai juyawa su fitar da zanen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sami tabo ko kumfar iska a fasa shi a mai da tukunya. Jan launin da Baccarat ta yi suna da shi da garin zinariya ake samo shi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙerar Bida ko ta 'yan uwanmu maƙeran fari zai gane wannan rayuwa, ɗa ya gaji uba, shekara goma yana koyo kafin a sakar masa aiki. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a ta hura gilashi da hannu cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, da sunan Faransa da wasu ƙasashe 5.

Su wa ke saye? Sarakuna. Sarki Luwi na 18 ya yi odar kofuna daga Baccarat a 1823. Samfurinsu mai suna Harcourt, mai gefe shida, tun 1841 ake yin sa. Sarakunan Rasha sun saya, na Indiya sun saya, kuma wanda ya je Istambul ya shiga fadar Dolmabahce ta sarakunan Usmaniyya zai ga matakalar bene da aka yi wa dogarai da kiristal ɗin Baccarat. Kofi ɗaya na Harcourt, ɗaya tak ba saiti ba, kuɗinsa ya haura Yuro 200. Mai karatu ya buga da kansa a naira, sannan ya tambayi kansa ko mai shagon da ya ce saura saiti ɗaya zai ajiye irin wannan a kan katako kusa da bokitin roba.

WANDA YA ISO ƊAKUNANMU

Ba muna cewa babu ɗan Faransa a kabet ɗin matanmu ba. Akwai, da yawa ma, sai dai daga wani gida ne daban. A arewacin Faransa akwai garin Arques, ana cewa Ark, inda aka kafa masana'antar gilashi a 1825. Iyalin Durand da suka riƙe ta sun ɗauki wata hanya: maimakon baki da hannu, inji. Su ne suka ƙirƙiro Luminarc, da Arcopal, farin farantin nan mai kama da tangaran mai 'yan furanni a gefe, da Arcoroc. A 1968 suka yi abin da aka ce ba zai yiwu ba, suka sa inji ya yi kiristal, suka kira shi Cristal d'Arques. Zanen da mutum zai kwana yana yankawa, inji ya buga shi cikin ƙiftawar ido. Kiristal ya faɗo daga teburin sarki zuwa na ma'aikaci. Akwai kuma Duralex, da aka fara a 1945, tambulan ɗin nan mai taurin kai da ake shan shayi da shi daga Maraɗi har Agadas, wanda in ya ga dama ya faɗi ya tashi lafiya, ranar da ya fashe kuma sai ya zama tsaki kamar gishiri. A 2024 da kamfanin ya durƙushe ma'aikatansa ne suka haɗu suka karɓe shi.

Waɗannan sun shigo mana ne da kuɗin mai. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikaci ya sami abin da bai taɓa riƙewa ba, alhazai suka yawaita, kowa ya dawo daga Jidda da saitin shayi da 'yan kofunan zamzam. Kafinta ya ƙera kabet mai ƙofar gilashi, jere ya sauko daga bango ya shiga ciki. Kayan Faransa kuma hanyarsu a buɗe take, domin ƙasashen da ta raina sun kewaye mu: ta Kwatano zuwa Legas, ta Maraɗi zuwa Katsina da Kano, mu nan kuma ta Garwa zuwa Yola. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta 1991, Jalingo ta zama babban birni, ma'aikata suka taso daga Yola da iyalansu da kabet-kabet ɗinsu, matanmu suka shiga gidajensu barka da biki suka gani. Cikin 'yan shekaru langa da samira suka zama kayan ƙauye, tangaran da gilas suka hau kai.

Sai dai lokacin da ido ya buɗe, lokacin aljihu ya tsuke. Tun daga SAP a 1986 naira take zubewa, ɗan Faransa na gaske ya fi ƙarfin talaka, sai kasuwa ta kawo mai kama da shi daga Sin da Indonesiya da Turkiyya ta hanyar Dubai. Shi kansa kamfanin Ark ya buɗe masana'antu a Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a farkon shekarun 2000, saboda haka kana iya sayen Luminarc na gaskiya wanda bai taɓa ganin Faransa ba. Daga baya kuma suka daina sa dalma a Cristal d'Arques. A bakin 'yan kasuwarmu dai "ɗan Faransa" ya tashi daga sunan ƙasa ya koma sunan duk wani gilashi mai zane.

Gane na gasken ba wuya. Ɗauki kofin ka ji nauyinsa, kiristal ya fi kwalba nauyi sosai. Ƙyasta bakinsa da farce, zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, kwalba kuwa "ƙwas" za ta ce ta yi shiru. Ɗaga shi a rana ka ga ko zai raba haske launi-launi. Shafa gefensa, in ka ji wani siririn layi daga sama zuwa ƙasa, to wurin da bakin inji ya haɗu ne. Sannan ka duba gindi, domin Baccarat tun 1936 take buga tambarinta a jikin gilashin kansa, ba a takardar da ake mannawa ba. Kofin da ya fashe a gidan ɗan uwanmu an gwada 'yan uwansa biyar da suka rage: ba nauyi, ba ƙara, ga layi, ba tambari. Ƙanwar uwar amarya ta fi mu gaskiya.

Wanda kuma Allah Ya hore masa na gasken, to ga gargaɗi. Dalma guba ce, mun ga abin da ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake wancan daga niƙan dutsen zinariya ne, ba a haɗa su. Amma wani bincike da likitocin Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka buga a 1991 ya nuna cewa abin sha mai tsami in ya daɗe a tulun kiristal yana jawo dalmar. A sha a ajiye ba laifi. Kada dai a zuba zoɓo ko kunun tsamiya ko lemo a bar shi ya kwana a ciki, kada kuma a mai da shi kofin yaro.

INDA GIZO KE SAƘA

Mu ba mu ƙi kyau ba. Kabet in an goge shi aka kunna masa fitila abin kallo ne, kuma babu uban da ba ya son a shiga ɗakin 'yarsa a yaba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, a wannan doguwar tafiya daga ƙwarya zuwa gilas an yar da wani abu a hanya ba a sani ba. Tasa ajiya ce, kwano ma ajiya ne. Gilas kuwa ranar da aka fitar da shi daga shago rabin kuɗinsa ya tafi, in ɗaya ya fashe saitin ya mutu, dillaliya ko kallonsa ba za ta yi ba. Da can mace ce ke tara jerenta a hankali, shekara da shekaru. Yanzu uba ne ke cin bashi ya cika shi a rana ɗaya, yarinya ta tare da ɗaki cike, amma babu abin da za ta zara ta sayar ranar da ta shiga matsi. Mun san gidaje a nan unguwa da aka ɗaga biki sau biyu saboda kabet bai cika ba.

Mu mazauna nesa da gida abin ya fi shafar mu. A 'yan shekarun nan mun ga tashin hankali a wannan yanki, mun ga mata sun fita da daddare da abin da hannu zai iya ɗauka. Wadda ta fita da 'yan kunnen zinariya ko tasoshin uwarta ta sami abin fara sabuwar rayuwa. Kabet ba ya gudu.

Su kuma tsofaffin tasoshin suna ƙarewa. 'Yan gwangwan na bi gida-gida suna saye a kan sikeli, kilo kaza naira kaza, aikin Bida na shekara 100 a haɗa shi da mataccen famfo a kai a narka. Da muna wannan bincike mun shiga wurin wata tsohuwa a nan unguwa, ta sa jikarta ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Tasoshi 7 ne, sun yi baƙi ƙirin. Ta ce 12 ne kakarta ta zo da su a kai daga ƙasar Zazzau. Ta lissafa mana inda biyar suka tafi: biyu a wata shekarar yunwa, ɗaya ranar da aka kwantar da maigidanta a asibiti, biyu ta ba 'yarta ta fari. Muka ce, "Iya, sauran fa, wa za ki ba?" Ta yi dariya ta ce, "Ku tambayi 'yan bokon nan, wai ba su shiga da kalar labule."

Saboda haka muna roƙon duk gidan da ke da tsohuwar tasa, ko akushi, ko ƙwarya mai zane, ko saitin langa da samira na da, a sanar da sakataren ƙungiya ko shugabar mata. Ba karɓa za a yi ba. Za a zo har gida a ɗauki hoto, a rubuta sunan kayan da garin da aka zo da su da wadda ta zo da su, mu buga a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wanda kuma yake ganin yana da kiristal na asali, ya zo da kofi ɗaya taro mai zuwa, a naɗe cikin tsumma, za a ƙyasta kowa ya ji ƙararsa.